Kurkure baki da haidirojin: yaushe yake magani, yaushe yake cutarwa?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya a matsayina na likitan haƙori, ga kuma taƙaitaccen abin da ya ce. Dasashinsa yana fitar da jini duk lokacin da ya goge baki, yana tashi da warin baki da safe, haƙoransa kuma sun rine saboda shayi da goro. Ya ga wani bidiyo daga Amurka inda ake cewa kurkure baki da haidirojin yana kashe ƙwayoyin cuta yana kuma faranta haƙora, sai ya sayi kwalba a kemis. Yau kusan mako uku ke nan yana kurkurawa safe da dare, wani lokaci ya sirka da ruwa, wani lokaci ya kurɓa tsurarsa. Yanzu harshensa ya fara canza launi, ruwan sanyi yana sa masa zogi a haƙora, wani abokinsa kuma ya tsorata shi cewa abin yana jawo cutar kansa. Yana so ya san ko ya ci gaba ko ya bari, da kuma ko maiɗakinsa mai juna biyu da 'ya'yansa za su iya amfani da shi.

Malam, ka dakata da shi daga yau. Ban faɗi haka domin haidirojin guba ba ne, mu kanmu muna amfani da shi a asibiti, kuma akwai ciwukan baki da yake yi wa amfani sosai. Na faɗa ne domin shi magani ne na 'yan kwanaki, mai ƙayyadadden ƙarfi, kai kuwa ka mai da shi abin yau da kullum, kuma ina kyautata zaton kwalbar da ke hannunka ta ninka ta mai bidiyon nan ƙarfi. Alamomin da ka lissafa, wato canjin launin harshe da zogin haƙora, irin waɗanda muke gani ne ga wanda ya wuce kima, kuma galibi suna gushewa da kansu bayan an daina.

Cikakken sunan abin da muke kira haidirojin a kemis shi ne haidirojin feroksaid, wanda wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, ya gano a 1818. Ɗan'uwan ruwa ne na kusa, bambancinsu kawai shi ne yana ɗauke da ƙarin ƙwayar oksijin guda ɗaya, kuma wannan ƙarin ba ya zama daram, da ya sami dalili sai ya fice ya bar ruwa zalla. Haske da zafi suna gaggauta wannan rabuwa, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna katalas, a cikin jini da kusan kowace ƙwayar halitta, wanda aikinsa shi ne wargaza haidirojin nan take ya koma ruwa da iskar oksijin. Kumfar da kake gani idan an zuba shi a ciwo, iskar nan ce take fita. Mutane da yawa suna ɗauka cewa yawan kumfa shaida ce ta yawan datti ko yawan ƙwayoyin cutar da ake kashewa, har wasu suna ci gaba da kurkura suna jiran ranar da kumfar za ta ƙare, alhali ko lafiyayyen jini aka ɗiga wa haidirojin sai ya yi kumfa. Matuƙar dasashinka yana tsattsafo da jini, kumfa ba za ta daina ba.

Akwai wani labari da ke nuna wannan sarai. A 1946 wani likita a Japan, Shigeo Takahara, ya zuba haidirojin a gyambon bakin wata yarinya, sai ya ga babu kumfa ko kaɗan, jinin wurin ma ya yi baƙi. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa an haife ta ba ta da katalas a jininta, cutar gado da ba a san da ita ba kafin nan. Gyambonta cike yake da ƙwayoyin cuta, amma bai yi kumfa ba, domin ba su ne mafarin kumfar ba.

Jikinmu bai baƙunci wannan sinadari ba. Fararen ƙwayoyin jini suna samar da shi domin yaƙar ƙwayoyin cuta, wasu daga cikin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a bakinmu suna fitar da shi kaɗan-kaɗan domin danne waɗanda ke haddasa kogon haƙori, har zuma ma tana samar da ɗan kaɗan idan ta haɗu da danshi. Yawu kuma yana da sinadaran da ke kwance masa ƙarfi cikin ɗan lokaci. Saboda haka idan kaɗan ne ya shiga baki, jiki ya san yadda zai yi da shi. Matsala tana farawa ne idan ƙarfinsa ko tsawon zamansa ko yawan maimaita shi ya fi abin da yawu da naman baki za su iya wargazawa, a lokacin ne oksijin ɗin nan mai zafin nama yake cin ƙwayoyin halittar mutum kamar yadda yake cin ƙwayoyin cuta, domin ba ya tantancewa.

Ka ɗauko kwalbar ka duba jikinta da kyau, domin rabin amsarka tana rubuce a wurin. Kwalbar da ake sayarwa a kantunan magani na Amurka kashi 3 cikin 100 ce, kuma duk shawarar da kake gani a bidiyoyinsu a kan wannan ƙarfin aka gina ta. Da yawa daga cikin kwalaben da ke kemis-kemis namu kuwa kashi 6 ne, bisa tsarin da muka gada daga Birtaniya. Wani lokaci ba za ka ga kashin a fili ba, sai ka ga an rubuta "20 vol". Ma'anar wannan ita ce kowane mililita ɗaya na ruwan yana fitar da mililita 20 na iskar oksijin, kuma daidai yake da kashi 6, yayin da "10 vol" yake daidai da kashi 3. Wanda masu gyaran gashi suke haɗawa da rini yakan kai "30 vol" ko "40 vol", wato kashi 9 ko 12, an kuma cakuɗa shi da wasu sinadarai da ba a yi su domin baki ba, wannan kada ya kusanci bakin kowa. Idan kwalba ba ta da bayanin ƙarfi, ko lambar NAFDAC, ko ranar ƙarewar aiki, ko an ɗura maka ita ne daga wata babbar jarka, to ba ka san abin da ke ciki ba, kuma ba ta cancanci shiga baki ba.

Ƙarfin da aka saba amfani da shi wajen kurkure baki shi ne kashi 1.5, kamar yadda yake a shiryayyen maganin kurkura irin Peroxyl. Idan kwalbarka ta kashi 3 ce, murfi ɗaya na haidirojin da murfi ɗaya na ruwa su ne ke ba da wannan ƙarfin. Idan ta kashi 6 ce, sai murfi ɗaya da murfi uku na ruwa. Ƙa'idar Birtaniya ma ta fi wannan sassauci, domin babban cokali ɗaya, mililita 15, ake zubawa a rabin kofin ruwa mai ɗumi. Ana kurkurawa kamar minti ɗaya, a tofar gaba ɗaya, sau biyu zuwa huɗu a rana bayan cin abinci, kuma ba a wuce kwana 7 sai da umarnin likita. Ka ga ke nan ranar da ka kurɓa tsurarsa, idan kwalbarka ta kashi 6 ce, ka ninka ƙa'ida sau huɗu, kuma ka riga ka ninka wa'adin sau uku.

Inda haidirojin yake da amfani na gaske shi ne ciwukan da ƙwayoyin cuta masu gudun iska suke haddasawa. Akwai rukunin ƙwayoyin cuta da ba sa rayuwa inda oksijin yake, suna ɓuya ne a ƙarƙashin dasashi da cikin mataccen nama, kuma su ne ke fitar da wari mai tsanani. Fitaccen misali shi ne ciwon ruɓewar dasashi mai zuwa farat ɗaya, wanda ya addabi sojoji a ramukan yaƙin duniya na ɗaya har aka sa masa sunan ciwon bakin ramuka: tsinin naman da ke tsakanin haƙora ya zaizaye, ya rufu da wani abu toka-toka, ga zafi, ga jini, ga ɗoyi. A irin wannan hali mutum ba ya iya sa buroshi, sai kumfar haidirojin ta ɗago mataccen nama da guntayen abinci daga lungunan da hannu ba ya kai, oksijin kuma ya takura wa ƙwayoyin. Haka nan yana taimakawa idan naman da ya rufe haƙorin ƙarshe na can ƙurya ya kumbura, ko ƙarfen daidaita haƙora ko haƙoran roba sun goge wa mutum kunci. A duk waɗannan, mataimaki ne na 'yan kwanaki, ainihin maganin shi ne wankin da likita zai yi, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Flagyl idan hali ya buƙata.

Wannan ciwon ruɓewar dasashi ya shafe mu kai tsaye, domin a jikin ƙaramin yaro mai tamowa shi ne matakin farko na cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan ƙoƙarin da Nijeriya ta jagoranta. Na kawo ta ne domin in roƙi iyaye abu ɗaya: yaro ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, idan bakinsa ya fara wari dasashinsa yana jini, a kai shi asibiti a ranar, kada a zauna ana gwada haidirojin a gida. Idan ma'aikacin lafiya ya ga dama zai goge wurin da auduga mai ɗan haidirojin da hannunsa, amma abin da ke ceton fuskar yaron shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki a kan lokaci.

Jinin da kake gani a dasashinka, Malam, a mafi yawan lokuta dalilinsa ɗaya ne. Dauɗa mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙori kullum, idan buroshi ko asuwaki bai cire ta ba sai ma'adinan yawu su daskarar da ita ta zama kamar dutse, ta manne a wuyan haƙori har ƙarƙashin dasashi. Wannan dutsen babu ruwan kurkurar da ke narkar da shi. Muddin yana nan dasashi zai ci gaba da kumburi da jini, a hankali ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, har wata rana haƙori ya fara girgiɗi ba tare da ya taɓa yin kogo ba. Haidirojin yana iya rage ja da wari na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin ne abin da na fi jin tsoro, domin yana sa mutum ya jinkirta zuwa asibiti alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970 wani likita a Amurka, Paul Keyes, ya yaɗa dabarar goge dasashi da haɗin haidirojin da bakin soda da gishiri, ta kuma yi tashe sosai, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba ta fi goge baki da kyau da man haƙori na yau da kullum ba. Wajen hana taruwar dauɗa, maganin kurkura mai suna kiloheksidin ya fi haidirojin nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma na ɗan lokaci ne, domin yana rina haƙora idan aka daɗe a kansa. Abin da kake buƙata shi ne a kankare maka wannan dutsen a asibitin haƙori, aikin da bai cika wuce zama ɗaya ko biyu ba. Idan an yi haka jinin bai tsaya ba bayan mako biyu na goge baki yadda ya kamata, sai a auna sukarin jininka, domin ciwon suga yakan fara bayyana a dasashi.

Na taɓa duba wani matashi da ya jiƙa auduga da tsuran haidirojin ya cusa a gefen haƙorin da ke masa ciwo, ya kwana da ita. Da ya buɗe baki, dasashin wurin da cikin kuncinsa sun yi fari fat kamar an shafa alli, fatar ta tattare, da na taɓa da auduga sai ta saluɓe ta bar jan nama mai tsattsafo da jini. Ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci mai yaji ko mai zafi, ciwon haƙorin da ya sa shi yin hakan kuma yana nan yadda yake, domin ciwon daga jijiyar cikin haƙori yake, inda kogo ya riga ya kai. Ƙunar ta warke cikin kusan mako biyu, kamar yadda irinta ta saba, amma wahala ce da ba ta da dalili. Ko na kashi 3 yana iya yin irin wannan ƙuna idan aka bar shi ya daɗe a wuri ɗaya, ko aka yawaita shi a bakin da dama yake da rauni.

Canjin launin harshenka kuma sananne ne. A saman harshe akwai ƙananan tsiro masu kama da gashin darduma, waɗanda a al'ada suke gogewa suna sabuntawa. Daɗewa a kan maganin kurkura mai fitar da oksijin yana sa su yi tsawo, sai launin shayi da goro da taba ya kama su, harshe ya koma ruwan ƙasa ko baƙi kamar ya tsiro da gashi. Ganinsa yana tayar da hankali, amma ba shi da haɗari, kuma yana tafiya idan aka daina maganin aka riƙa goge harshe a hankali. Wani abin lura shi ne haidirojin yana kashe sababbin ƙwayoyin halittar da ke ɗinke rauni, shi ya sa likitoci suka rage zuba shi a ciwon da ya fara warkewa. Wanda aka cire wa haƙori kada ya kurkure baki da komai a awa 24 na farko, bare da abu mai kumfa, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfin ƙashi, idan ya fita mutum zai sha zogin da ya fi na haƙorin da aka cire.

Gaskiya ne haidirojin yana faranta haƙora, kusan duk ingantattun magungunan faranta haƙora a duniya da shi suke aiki. An ma gano hakan ne ba da niyya ba, lokacin da wani likitan daidaita haƙora a jihar Akansas ta Amurka, Bill Klusmier, ya lura a ƙarshen shekarun 1960 cewa majinyatan da yake ba wa maganin feroksaid su kwana da shi a cikin robar baki saboda kumburin dasashi, haƙoransu suna yin haske. A 1989 likitoci biyu, Haywood da Heymann, suka wallafa dabarar da ake bi har yau, ta amfani da kabamaid feroksaid mai kashi 10, wanda yake sakin haidirojin kimanin kashi 3.5 sannu a hankali. Sirrin dabarar shi ne a manna maganin a jikin haƙori na tsawon lokaci cikin roba da aka auna daidai bakin mutum, a kuma nisanta shi daga dasashi. Wanda ake yi a kujerar likita yakan kai kashi 25 zuwa 40, amma sai an rufe dasashi da wani shinge kafin a shafa. Kurkura kishiyar wannan ce: ruwan yana wanke dukkan naman baki, yana taɓa haƙori na minti ɗaya kawai, saboda haka illar ta fi yawa a inda ba a so, amfanin kuma ya yi ƙaranci a inda ake so.

Zogin ruwan sanyi da kake ji yana da bayani. Ƙwayar haidirojin ƙarama ce ƙwarai, tana ratsa farin ɓawon haƙori ta wuce ɓargonsa ta isa jijiya cikin 'yan mintuna, kuma wannan ratsawar ce take kawar da launin da ke ciki, ita ce kuma take tsokanar jijiya. Ga mai lafiyayyen haƙori zogin yana lafawa cikin kwanaki bayan an daina, man haƙori na masu jin zogi kuma yana taimakawa. Ga mai kogo, ko tsagaggen haƙori, ko wanda dasashinsa ya ja baya saiwa ta bayyana, hanyar a buɗe take, zogin kuma ya fi tsanani. Idan naka ya wuce mako biyu, ko ya tsaya a haƙori ɗaya, ko yana tashinka daga barci, to akwai wata matsala a wurin da sai an duba.

Launin shayi da goro da taba galibi a saman haƙori yake zama, kuma wankin asibiti yana cire mafi yawansa ba tare da wani sinadarin faranta haƙora ba. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne haɗe-haɗen da ake koyarwa na haidirojin da lemun tsami da gawayi ko toka. Tsami yana tausasa ɓawon haƙori, gawayi ya kankare shi, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Yana yin siriri, launin rawaya na ɓargon da ke ƙarƙashinsa yana ƙara fitowa, sai mutum ya ƙara gogewa yana neman fari. Ka kuma sani cewa cikon haƙori da hular haƙori ba sa yin fari da haidirojin, sai su fita daban bayan sauran sun yi haske, kuma idan za a yi sabon ciko fari ana jinkirtawa mako ɗaya zuwa biyu bayan faranta haƙora domin ragowar oksijin yana hana shi kamawa da kyau. Wanda kuma ya taso da haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan rijiyar garinsu, nasa launin a cikin ginin haƙori yake, kurkura ba za ta taɓa shi ba.

Ƙasashe sun bambanta wajen iyakar da suka gindaya. A Tarayyar Turai, bisa dokar 2011 da ta fara aiki a ƙarshen Oktobar 2012, kayan tsaftar baki da kowa zai iya ɗauka a kanti ba za su wuce kashi 0.1 na haidirojin ba. Daga nan zuwa kashi 6, likitan haƙori kaɗai ake sayar wa, shi zai duba bakin mutum ya fara sa masa da hannunsa, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Maganin kurkura mai kashi 1.5 a can yana ƙarƙashin dokar magunguna ne, da wa'adinsa a rubuce. Amurka ta fi sakin hannu, akwai man haƙori mai kashi 5 a kantunanta, da ledojin mannawa masu ƙarfi fiye da haka. Ni dai na fi karkata ga tsarin Turai, musamman a wurinmu inda mutane da yawa suke da kogo ko ciwon dasashi da ba a taɓa dubawa ba, domin sharaɗin a duba baki kafin a fara shi ne ke raba wanda abin zai amfana da wanda zai cutar. Man haƙori mai ɗan haidirojin daga kamfani sananne, idan aka bi umarnin da ke jikinsa, ba shi da matsala ga babba mai lafiyayyen baki, da sharaɗin yana ɗauke da fuloraid, wanda shi ne ainihin mai kare haƙori daga kogo.

Game da maganar abokinka, ga asalinta. A 1986 an yi wani gwaji a Amurka a kan wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera, inda aka riƙa shafa musu wani sinadari mai haddasa kansa, irin dangin waɗanda ke cikin hayaƙin taba, a cikin kunci. Waɗanda aka haɗa musu da haidirojin mai kashi 30 sun fi kamuwa, abin da ya sa aka yi zargin cewa yana iya rura wutar da wani abu ya riga ya kunna. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya da ƙarfin da ke cikin man haƙori ba su nuna hakan ba. A 1999 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sanya haidirojin a rukuni na 3, wato abubuwan da hujja ba ta kai a ce suna haddasa kansa ga ɗan Adam ba. Saboda haka kurkurar mako uku ba abin da zai hana ka barci ba ne. Sai dai kwamitin masana na Tarayyar Turai ya yi jan hankali na musamman ga masu shan taba da masu shan giya, domin su dama naman bakinsu yana cikin haɗari, kuma bai dace a riƙa ƙara masa wani abin tsokana kullum ba. Idan kana shan sigari ko kana sa tabar gari a baki, wannan shi ne abin tsoro na haƙiƙa. Duk gyambon baki, ko farin tabo, ko jan tabo da ya wuce mako uku bai warke ba, a kai shi gaban likita, kada a rufe shi da kurkura.

A lokacin korona, a 2020, ƙungiyoyin likitocin haƙori sun ba da shawarar majinyaci ya kurkure baki da mai kashi 1 zuwa 1.5 kafin a fara masa aiki, daga nan ne ma abin ya ƙara yaɗuwa a gidaje. Binciken da ya biyo baya bai nuna wani tasiri mai ƙarfi a kan ƙwayar cutar ba, masu shaƙarsa ta injin turare kuwa huhunsu suke ƙonawa.

Maiɗakinka ta bar batun faranta haƙora har sai ta sauka lafiya ta yaye, domin ba abin gaggawa ba ne. Jinin dasashi yana yawaita ga masu juna biyu saboda canjin sinadaran jiki, maganinsa kuma buroshi mai laushi ne sau biyu a rana da man haƙori mai fuloraid, da kurkura da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi, da wankin asibiti, wanda ba ya cutar da ciki. Idan likita ya ga tana buƙatar maganin kurkura, shi zai zaɓa mata ya kuma yanka mata kwanaki.

Yara 'yan ƙasa da shekara 6 ba a ba su maganin kurkura kowane iri, domin ba su iya tofarwa ba, haɗiyewa suke yi. Waɗanda suka haura haka zuwa shekara 12, sai da umarnin likita kuma babba yana tsaye a kansu. Kurɓi ɗaya na sirkakken haidirojin idan ya wuce maƙogwaro ba ya wuce ya kawo tashin zuciya, da kumburin ciki, da gyatsa, wani lokaci da amai mai kumfa. Mai ƙarfi kuwa wani abu ne daban. Akwai na kashi 35 da ake tallatawa a intanet da sunan wai na abinci ne, ana cewa a ɗiga a ruwa a sha domin wanke jiki, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2006. Mililita ɗaya nasa yana fitar da iska sama da mililita 100, wato babban cokali ɗaya ya haura lita ɗaya da rabi a cikin tumbi. Yana ƙona maƙogwaro da ciki, iskar kuma tana iya kutsawa cikin jijiyoyin jini ta toshe hanyar zuciya ko ƙwaƙwalwa, an kuma rasa rayuka ta wannan hanya.

Haidirojin ba shi da launi, da ido ba a bambanta shi da ruwa, saboda haka kada a taɓa juye shi a gorar ruwa ko a sa shi a firji, a bar shi a kwalbarsa a inda hannun yaro ba ya kai. Idan yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro domin ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara, domin kumfar tana iya sarƙe shi ta shiga huhu. A wanke masa baki, idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan ya kurɓa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti domin a ga ƙarfin abin da ya sha. Idan akwai aman jini, ko ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yaro ya rikice, a garzaya sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.